Karya Jaman Shefad da aka bari a ɗaure da yunwa: ta ina za mu fara, kuma wa ya dace mu ba?

Ɗan Barnawa:

Assalamu alaikum. Mu 'yan sa-kai ne a Kaduna, muna karɓar karnuka irin Jaman Shefad, waɗanda wasu ke kira Alseshan, da aka saya don gadi daga baya ɗawainiyarsu ta gagari masu su. Yau an ɗauko wata karya daga bayan wani gida. Ɗan haya ne ya tashi ya bar ta ɗaure, maƙwabta ke jefa mata ƙanzo in sun tuna. Mai gidan ne ya ce a zo a tafi da ita.

Ga halin da take ciki. Daga haƙoranta ba za ta wuce shekara huɗu ba. Nauyinta kilo 20, alhali girman ƙashinta na wadda ya kamata ta kai 28 zuwa 30 ne. Haƙarƙari da ƙashin ƙugu duk a waje suke. Kaska ta cika kunnuwa da tsakanin yatsu, dasashinta ya yi fari, gashi ya zube a gwiwoyi da gefen kunne, tana ta susa. An yanke sarƙar daga jikin turke, amma abin da ya zagaye wuyanta ya nutse cikin nama, ba a taɓa shi ba. Tana tsayawa da ƙafarta, tana shan ruwa, ba ta yi yunƙurin cizon kowa ba.

Muna neman shawarar masana a kan abu uku. Wane abinci za a ba ta, kuma nawa? Tsakanin kaska, tsutsar ciki, ciwon fata da allurar rigakafi, wanne ke gaba? Sannan tuni wani ya aiko cewa yana son ta, zai ɗauka gobe ya yi jinyarta da kansa. A ba shi?

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri. Malam, abu na farko: a ɗauke kwanon abinci daga gabanta. Karen da ya daɗe da yunwa, cika masa ciki rana ɗaya na iya kashe shi. Jikinsa ya riga ya ƙarar da ma'adanai irin su fosfet, fotasiyam da magniziyam. Da zarar sitaci mai yawa ya shiga, sai insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari a jini, ya tashi ya janye ɗan abin da ya rage a cikin jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Abin da ke biyo baya, galibi cikin kwana biyu zuwa biyar, shi ne kasala, rawar jiki, fashewar jajayen ƙwayoyin jini da rikicewar bugun zuciya. Tuwo, shinkafa da burodi su suka fi jawo wannan, kuma su ne abin da mai tausayi ke fara miƙawa.

Lissafin kare mai kilo 20 yana hutawa kusan kalori 660 ne a yini. Ranar farko a ba ta kashi ɗaya cikin uku, wato kamar 220. In busasshen abincin kare na buhu ne, giram 60 ke nan, a jiƙa shi da ruwan ɗumi. In babu, dafaffen ƙwai uku ya kai wannan adadin, ko ƙwai biyu da ɗan dafaffen naman kaza marar gishiri da magi. A raba shi gida biyar ko shida daga safe zuwa dare. Kwana na biyu da na uku a kai rabi, na huɗu da na biyar kashi biyu cikin uku, a cika 660 wajen ƙarshen mako. Sai bayan nan a riƙa ƙarawa don ta yi ƙiba. Za ta yi ta kallonku tana kuka, ku daure. Ruwa kuma lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini, kaɗan-kaɗan, kada ta kwankwaɗe shi lokaci guda ta amayar. Kada a ba ta madara, dafaffen ƙashi, ko miyar da aka zuba wa albasa, don albasa na lalata jajayen ƙwayoyin jini, ita kuwa jinin ne ma ba ta da shi.

Wuyan nan aikin asibiti ne, yau ko gobe da safe. Kada a ja sarƙar. Nama ya tsiro a kanta, kuma manyan jijiyoyin jini da maƙogwaro na nan kusa. Sai an yi mata allurar barci mai sauƙi a yanke ƙarfen gunduwa-gunduwa, a wanke ciwon, a duba ko ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Daga nan har ya warke, ɗamarar ƙirji za a riƙa sa mata, ba abin wuya ba.

A wannan zuwan a ɗebi jini. Farin dasashi tare da kaska a jikin Jaman Shefad, abu biyu muke tsoro. Na farko ciwon Ehrlichia, wanda jar kaskar kare ke yaɗawa. Wannan irin kare ya fi sauran shan wahalarsa. A shekarun 1960 ya kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a Biyetnam, akasarinsu wannan irin. Yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa ake ganin haɓo da jajayen ɗigo-ɗigo a dasashi ko a fatar ciki. Maganinsa doxycycline ne, miligiram 10 a kowane kilo, sau ɗaya a yini har kwana 28. Nata 200 ke nan, a cikin abinci, a bi da ruwa, don ƙwayar in ta maƙale tana ƙona hanyar abinci. Inda ake samun matsala shi ne a tsayar da maganin a kwana na bakwai saboda kare ya warware. Ciwon sai ya ɓuya, ya dawo ya kama ɓargo, kuma a wannan matakin ba kasafai ake cin nasara ba. Na biyu ciwon Babesia, mai sa zazzaɓi da fitsari ja ko ruwan ƙasa. Ana yi masa allurar diminazene, wadda makiyaya suka sani da Berenil, amma a kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙarama ce ƙwarai. Miligiram 3.5 a kilo, sau ɗaya, bayan an auna nauyi kuma an ga ƙwayar cutar a jini. In aka ƙara ko aka maimaita kusa-kusa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Kada wani mai sayar da maganin shanu ya yi mata ita da ka. A tambayi likita adadin jininta, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jinin. Lafiyayyen kare na tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari. In ya sauko ƙasa da 15 ana maganar ƙarin jini ne.

Kaskar da ke kunne a cire da hantsaki, a kama dab da fata a ja a miƙe. Ban da baƙin mai, kananzir, fiya-fiya ko Sniper. Fata mai rauni na tsotse su, kuma kare na lashe jikinsa. Ƙwayoyin taunawa irin su NexGard, Simparica ko Bravecto suna kashe kaska da ƙuma, suna kuma maganin ƙazuwar kare, wadda ita nake zargi tunda gwiwa da gefen kunne ne suka zube kuma tana susa. A kankari fatar a duba a madubin likita don a tabbatar. Irin wannan ƙazuwar na hawa jikin mutum, don haka a sa safar hannu. Ivermectin na shanu da ake ta yi wa karnuka ban goyi baya ba a jikin da ya rame haka.

Maganin tsutsa ya jira kwana uku zuwa biyar, in ta fara riƙe abinci: fenbendazole miligiram 50 a kilo, kwana uku a jere, a maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Allurar DHLPP, wato rigakafin manyan cututtukan kare da ake haɗawa a allura ɗaya, ta jira zazzaɓi ya sauka. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39.2. In tana jin ciwo, kada a ba ta ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna huda ciki suna kashe ƙoda.

Baba Mai Horo:

Likita ya yi maganar jiki, bari in yi ta hali. Ɗana, ka ce ba ta yi yunƙurin cizo ba. Wannan bai nuna komai ba tukuna. Karen da ba shi da jini ba shi da ƙarfin nuna halinsa. Sai ta yi mako uku zuwa shida tana ci, ƙarfi ya dawo, ta fara ɗaukar wurin a matsayin nata, sannan za ku san da wa kuke zaune. Duk wanda aka ba ta kafin lokacin, an ba shi karen da ba a sani ba.

Makon farko a bar ta ta huta. Ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska, ƙasa da siminti mai saurin wankuwa, da tabarma ko tsohon bargo saboda ƙashinta a waje yake, kwanciya a kan daɓe zai fasa mata fata. Mutum biyu kawai su riƙa kula da ita, a lokuta tsayayyu. Ba 'yan kallo, ba yara. Kada a tunkare ta gaba da gaba ana kallon ƙwayar idonta, kada a sunkuya a kanta. A tsaya a gefe, a bar ta ita ta zo ta sansana. In za a taɓa ciwo a sa takunkumi. Na kwando ya fi, don tana iya haki a ciki. Na bandeji da ake ɗaurewa a baki na minti kaɗan ne, kuma ba a sa shi ga karen da ke amai ko haki, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Abin da ya fi fitowa a karen da ya sha yunwa shi ne gadin kwano. Za ta sandare, ta runtse kai a kan abinci, ta yi gurnani. Kada a doke ta, kada kuma a ƙwace kwanon don a nuna mata iko. In ka hukunta gurnani, ka koya mata ta daina gargaɗi ne, gobe sai ta ciza ba sanarwa. A riƙa wucewa daga nesa ana jefa ɗan nama kusa da kwanon, ana rage tazarar a hankali cikin kwanaki, har ta gane zuwan mutum ƙari ne.

Wanda ya daɗe a sarƙa kuma yakan yi kukan kura a kan duk abin da ya gifta, domin shekaru yana ganin abu ba ya iya isa gare shi kuma ba ya iya gudu. Jaman Shefad musamman, in ya rasa aikin yi, yakan kama zagaye yana bin wutsiyarsa har ya ji mata ciwo. Asalinsa karen kiwon tumaki ne daga Jamus, an kafa irin a 1899 don aiki, zaman keji ba nasa ba ne. In Likita ya ba da izini a fara tafiya da igiya, minti biyar zuwa goma da sassafe, ana ƙarawa. Kafin a ce ta dace da gida, a gwada ta tana cikin igiya da takunkumi a gaban awaki, kaji, wani kare, mace mai hijabi, namiji mai babbar riga, mai babur, da yara daga nesa. A rubuta abin da aka gani yadda yake. In tana bin kaji a faɗa wa mai karɓa, kada a ɓoye don a samu a rabu da ita.

Kuma kada zafi ya sa a aske ta. Gashin nan hawa biyu ne, na sama na kare fata daga rana da ƙuda. A riƙa taje mataccen na ƙasa kawai.

Ɗan Barnawa:

Mun gode, Likita. Mun gode, Baba. An rage abincin tun ɗazu. Likita, allurar haukan kare fa, ita ma ta jira? Wani a cikinmu ya ce in an killace ta kwana goma ba ta nuna komai ba, shi ke nan ta tsira.

Likitan Dabbobi:

A'a, ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren na da haɗari. Kwana goman nan amsar tambaya ɗaya yake bayarwa: in kare ya ciji mutum yau, kuma bayan kwana goma yana nan lafiya, to ranar cizon babu ƙwayar cutar a yawunsa. Bai nuna cewa ba ya ɗauke da ita a jiki ba. Cutar na iya kwanciya makonni ko watanni kafin ta bayyana. Karyar da ke ɗaure a fili, kowane kare mai yawo na iya isa gare ta. A duba jikinta sosai. In akwai sabon tabon cizo, killacewar ta watanni ce, likitan da ke ganinta ya yanke tsawonta. In babu, a yi mata allurar da zarar zazzaɓi ya sauka, ba sai ta yi ƙiba ba, a karɓi katin shaida, a riƙa sabuntawa duk shekara. In ta canza hali kwatsam, ko muƙamuƙi ya saki yawu na zuba, ko ta mutu ba dalili, kada kowa ya sa hannu a bakinta, kada a binne a yi shiru. A sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha don a aika samfurin ƙwaƙwalwa gwaji, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom na yin wannan aikin. Ku masu kama karnuka ku yi wa kanku rigakafin tun kafin cizo, allura ce ranar farko da rana ta bakwai. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Akwai abin da na bari ɗazu. In an yi wata guda tana ci sosai, an kashe tsutsa, amma nauyi ya ƙi hawa, kashinta kuma mai yawa ne, fari-fari, mai maiƙo, har tana cin kashin nata, to a yi zargin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci. Gazawarta ciwo ne da aka san wannan irin da shi. Ana gano shi da gwajin jini na TLI, ana riƙe shi da garin sinadarin narkarwa a kowane abinci da allurar B12, har ƙarshen rai. Wani lokaci karen da ake cewa an bar shi da yunwa wannan ne ke damunsa. A riƙa auna ta kowane mako a sikeli ɗaya. Raunin ƙafafun baya kuma kada a yi saurin cewa ciwon ƙugu ne na gado. Zaman sarƙa na cinye tsoka. Hoton ƙashi ya jira ta murmure.

Hajiya Uwar Marayu:

Ƙanena, wanda ya ce zai ɗauka gobe, amsa ita ce a'a, ko da mutumin kirki ne. Mai son ta da gaske zai jira wata biyu, zai kuma riƙa zuwa dubiya.

Kafin ma a kai nan, ku gyara maganar mallaka. Mai gida ba shi ne mai kare ba. A nemi ɗan hayan ta waya ya faɗa a rubuce cewa ya sallama, ko da saƙon WhatsApp ne. In ya ɓace, mai gida da maƙwabci ɗaya su sa hannu a takarda a gaban mai unguwa, a haɗa da hotunan yadda aka same ta da kwanan wata. Dalili: da zarar ta yi kyau ta koma kilo 30, mai ita na iya bayyana ya ce an sace masa kare mai tsada.

Mace Jaman Shefad da aka ce kyauta ce, masu nema iri uku take jawowa. Akwai mai son ta don gadin gida ko gona. Akwai mai kiwo don sayar da 'yan kwikwiyo, wanda zai sa ta haihuwa duk wata shida har ta ƙare. Akwai dillali, wanda zai iya kai ta kasuwa, kuma kowa ya san kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato ba ta gadi kaɗai ba ce. Abin da ke tace na biyu nan take shi ne a cire mata mahaifa kafin a bayar, a kuma faɗa tun a sanarwa. Amma ba yanzu ba. Sai ta murmure, ta gama kwana 28 na magani, gwaji ya nuna jininta na daskarewa, in ba haka ba za ta zubar da jini a kan teburin tiyata. In ta shiga lokacin barbara a jira wata biyu zuwa uku bayansa. Likita ya duba gabanta ko akwai tsiron nan mai zubar jini da ake ɗauka wajen barbara, yana warkewa da allurar vincristine ta mako-mako.

Maganar kuɗi na da sarƙaƙiya a wajenmu, don da yawa ba sa son cin kuɗin kare saboda hanin da ya zo a hadisi. Mafita ita ce kada ku karɓi ko kwabo a hannu. Mai karɓa ya je asibiti ya biya kuɗin tiyata ko na allurai da kansa, a ba shi rasit. Ba ciniki aka yi ba, kuma dillali ba zai biya abin da ya fi ribarsa ba.

Sai a je gidan, kada a yarda da hoto. Katanga ta kai aƙalla mita 1.8, a duba ƙarƙashin ƙofa. Ina inuwa da ƙarfe biyu na rana? Keji na kwano a tsakiyar fili tanda ne. Ƙasar wurin kwananta in rairayi ce mai damshin fitsari, ƙudan da ke sa tsutsa a ƙarƙashin fata a nan yake zuba ƙwai. In an taɓa ajiye kare a wurin, a tambayi me ya kashe shi. Kaska na ɓuya a tsagar bango watanni, dole a yi feshi a toshe tsagogin kafin ta shiga. A yi magana da uwargida ita kaɗai, don sau da yawa maigida ke so, ita kuwa ba a tambaye ta ba, kuma maganar tsarki, kwanuka da wurin salla a hannunta take. Gidan da ya ware wa karen ɓangarensa da kwanukansa ya fi zama lafiya. A ga maigadi ma, tunda shi zai ciyar. Wanda ya ce rufe kare a duhu ko ba shi barkono ke sa shi zafi, a gode masa a tafi.

A yi masa lissafin ci ƙarara. Mai kilo 30 na cin kusan giram 400 na busasshen abinci a yini, buhun kilo 15 bai wuce mako biyar zuwa shida ba. In na gida za a dafa, tuwo da romo ba su isa ba. Sai da nama ko kayan ciki daga kwata, ƙwai, da garin ɓawon ƙwai kamar ƙaramin cokali ɗaya a kowane kilo na nama saboda ƙashi. A raba sau biyu, kada ta yi guje-guje bayan ta ci, don masu zurfin ƙirji irin wannan tumbinsu na iya murɗewa ya kumbura, kuma awoyi kaɗan yake ɗauka.

Takardar yarjejeniya ta ƙunshi cewa ba sayarwa, ba kyautarwa, ba ɗaurewa a sarƙa dare da rana, kuma in ya gaza gare ku zai dawo da ita ba tare da an ci masa fuska ba. Wannan na ƙarshen a nanata shi da baki, don kunya ce ke sa mutane su saki kare a titi maimakon su kira. Mako biyun farko na gwaji ne. Ku kai ta da kanku, da katin allurarta, bargonta, da abincin mako guda irin wanda ta saba, sabon abinci a riƙa gauraya shi a hankali cikin kwana bakwai. A koma dubiya bayan mako ɗaya, wata ɗaya da wata uku, a tafi da sikeli.